Yadda za ki sa yara su so lissafi ta hanyar abin da hannunsu ke taɓawa

"Assalamu alaikum Malam. Ina da yara biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 9. Ƙaramin yana ƙirga har ɗari ba gargada, amma in na ce masa biyar da uku nawa ne, sai ya tsaya yana kallona. Babbar kuwa ta haddace jadawalin sau, amma da an zo ɗebewa mai aro ko lissafin rabi da kwata sai hawaye, har ta fara cewa ita ba ta da kan lissafi. Na ji ana cewa a koya wa yara da wasa, na sayo musu kayan wasa masu launi, suka yi ta gina gidaje da su, lissafi bai ƙaru ba. Ni ma ban ƙware a lissafin ba. Ta yaya zan sa su so shi, kuma su iya?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: me ya sa yaran da suka iya ƙirga da hadda suke kasa lissafi, kuma me ya sa kayan da kika sayo ba su tsinana komai ba. Amsar duka biyun wuri ɗaya take. Yaranki sun riƙe sunayen lambobi, amma abin da sunayen ke nufi bai zauna musu ba tukuna, shi kuwa kayan wasa ba ya koyar da wannan da kansa sai an ba shi aiki. Abin da ke sa yaro ya tsani lissafi shi ne a riƙa tambayarsa abin da ba shi da hanyar gano shi, sai dai ya canka, ya kalli fuskar babba ya ga ko ya dace. Duk ranar da ya samu hanyar binciko amsa da hannunsa, ya kuma tabbatar da ita da kansa, daga ranar yake fara jin daɗin abin.

Inda matsalar take

Ƙirga ɗaya zuwa ɗari waƙa ce, kuma yaro mai kunne zai ɗauke ta kamar kowace waƙa. Sanin cewa "bakwai" yawa ne, kuma yawan ba ya canzawa ko an baza kayan ko an tattara su, wannan wani ilimi ne daban. Masanin nan na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, yana da wani gwaji da za ki iya yi yau. Ki jera murfin kwalba 7 a layi, ki jera wasu 7 a ƙasansu, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa. Yaro zai yarda daidai suke. Sai ki buɗa layin ƙasa ya yi tsawo, yana kallo, ki sake tambaya. Yara da yawa 'yan ƙasa da shekara 6 ko 7 za su ce dogon layin ya fi yawa. Yaron da yake a wannan mataki, in aka rubuta masa 5 + 3 a takarda, an ba shi zane ne kawai da ba ya nuna masa komai.

A shekarun 1960 wani masanin Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana cewa sabon ilimi yakan shiga ta hanya uku: aikatawa da hannu, sai hoto, sai alama irin su alƙaluma. Ƙasar Singafo ta ɗora lissafin firamarenta a kan wannan tun farkon shekarun 1980. Tun kafin su, likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a Roma a 1907, ta shahara da duwatsun ado da ake jerawa: ƙwaya ɗaya, sanda mai 10, faifai mai 100, dunƙule mai 1000. Ki lura da abu guda game da su: duk launinsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su yawa ne kawai, don haka yawan ne idon yaro zai kama.

Nan kayanki suka faɗi. Abu mai launi kala-kala da siffar mota ko dabba yana jan hankalin yaro zuwa motar, lambar kuma ta ɓace. Yaranki ba su yi laifi ba da suka gina gidaje. Abin da kayan suka nema ke nan. A 2013 Kira Carbonneau da abokan aikinta sun tattara bincike 55 a kan koyar da lissafi da kayan taɓawa. Sun samu cewa yana da amfani, amma amfanin ƙarami ne zuwa matsakaici, kuma ya danganta ƙwarai da yadda aka yi aiki da kayan, har da irin jagorar da babba ya bayar.

Don haka ga ƙa'idar da nake ɗora komai a kanta. Kowane zama ya bi ta tasha huɗu: hannu ya yi, baki ya faɗi abin da hannu ya yi, a zana shi, sannan a rubuta shi da alƙaluma. Duk a zama ɗaya, kayan suna nan kusa da takardar. In aka yi wasa yau aka bar rubutu sai gobe, yaro zai ɗauka abu biyu ne da ba su san juna ba.

Kayan da kike bukata kaɗan ne: murfin kwalba guda 40, rabi launi ɗaya rabi wani launi; tsinken ashana guda 120 da aka karye wa kai; ƙananan robobin ɗauri; ɗan lido guda biyu; kofi wanda ba a ganin cikinsa; kwali, rula, almakashi da farar takarda. In akwai ƙaninsu da bai kai shekara 3 ba, a kwashe komai bayan an gama, don irin waɗannan ƙananan abubuwa suna shaƙe yaro.

Ɗan shekara 6

Ki fara da duba ƙirgarsa. Ki zube murfi 9 a warwatse ki ce ya ƙirga. Abu uku za ki kalla. Shin bakinsa da yatsansa suna tafiya tare, ko baki yana gaba yana gudu? Shin yana tsallake wani ko ya maimaita shi? Bayan ya gama, in kin ce "to nawa ke nan?", yana cewa tara kai tsaye ko sai ya koma daga farko? Wanda ya koma daga farko bai gane ba tukuna cewa lambar ƙarshe ita ce yawan duka. Maganin na farko da na biyu shi ne ya riƙa jan kowane murfi gefe yayin da yake kiran lambarsa. Maganin na uku, ki riƙa rufe kayan da tafin hannu da zarar ya gama, ki ce "nawa ne a ƙarƙashin hannuna?"

Daga nan sai wasan kifa kofi, wanda a ganina ya fi kowane wasa riba a wannan shekaru. Ku ƙirga murfi 5 tare. Ya rufe ido, ki kifa kofi a kan wasu, ki bar sauran a fili. In ya ga 2 a waje, nawa ne a ciki? Ya faɗa, sannan shi da kansa ya ɗaga kofin. Ɗaga kofin nan shi ne zuciyar wasan, domin kofi ne ke ba shi amsa, ba ke ba. Sai ku yi musaya, shi ya ɓoye ke ki canka, kuma wani lokaci ki faɗi kuskure da gangan ya kama ki. Bayan kowane zagaye ya ce "biyu da uku biyar", ya zana ɗigo biyu da ɗigo uku, ya rubuta 2 + 3 = 5. Kada ki wuce 5 sai ya daina ƙirgawa yana faɗa nan take. Sannan 6, 7, a hankali har 10. Wannan zai iya cin makonni, kuma ba ɓata lokaci ba ne, don duk tarawa da ɗebewar da zai yi nan gaba a kan waɗannan rabe-raben suke tsaye.

Kofin yana kuma maganin abin da kika gani a biyar da uku. Yaro a wannan mataki yakan ƙirga biyar, ya ƙirga uku, ya koma ya ƙirga duka daga ɗaya. Ki kifa kofi a kan biyar ɗin, ki rubuta 5 a gindinsa, ukun suna waje. Yanzu ba ya iya ganin biyar balle ya ƙirga su, dole ya ɗora yatsa a kofi ya ce "biyar", ya ci gaba: "shida, bakwai, takwas". Kuskuren da ake yawan yi shi ne ya kira murfin farko na waje "biyar", amsa ta fito bakwai. In haka ta faru, a ɗaga kofi a ƙirga, ya gani da idonsa.

Sai gidan goma. Ki zana akwati a kwali mai ɗakuna 10, biyar a sama biyar a ƙasa, kowane ɗaki santimita 4. Ana cika layin sama tukuna, daga hagu. Da sabo, yaro zai kalli 7 ya gan shi a matsayin biyar da biyu, ya kuma ga ɗakuna 3 da suka rage kafin goma. Ido ba ya iya kama abin da ya wuce huɗu ko biyar a warwatse ba tare da ƙirga ba, tsarin ɗakunan ne ke ba shi damar ganin manyan lambobi a kallo ɗaya. Idan ya saba, ki yi gida biyu ki ba shi 8 + 5: takwas masu launi ɗaya a gidan farko, biyar masu ɗaya launin a na biyu. Ki tambaye shi, "nawa gidan farko yake nema ya cika?" Zai ɗauko biyu daga biyar. Gida ɗaya ya cika, uku suka rage. A nan harshenmu yana taimakonsa ƙwarai, domin "goma sha uku" shi ne ainihin abin da ke gabansa, goma da uku, alhali sunayen 11 da 12 a Turanci ba sa nuna goman da ke cikinsu. Inda Hausa ba ta taimakawa shi ne ashirin, talatin, arba'in, waɗanda muka aro daga Larabci. Kunnen yaro ba ya jin "biyu" a cikin ashirin. Don haka ki riƙa haɗa masa: "goma biyu, wato ashirin, goma uku, wato talatin."

Wasa na ƙarshe gare shi yana da bincike a bayansa. A 2008 Geetha Ramani da Robert Siegler sun sa yara 'yan nazare a Amurka wasan allo mai ɗakuna 10 a miƙe, an rubuta 1 zuwa 10 daga hagu zuwa dama, ana matsawa ɗaki ɗaya ko biyu. Zama huɗu kawai, kowane minti 15 zuwa 20, ya ƙara musu sanin wace lamba ta fi wata da kuma inda lamba take a kan layi, kuma ribar tana nan bayan mako 9. Yaran da suka yi wasan a allo mai launuka ba lambobi ba su samu wannan ba. Sharaɗin shi ne yaro ya kira lambobin ɗakunan da yake takawa. In yana kan 6 ya samu biyu, ya ce "bakwai, takwas", kada ya ce "ɗaya, biyu". Ki zana naki a miƙe, ɗakunan duka girmansu ɗaya, ki kai shi 20 sannan 30, ku yi da ɗan lido guda.

'Yar shekara 9: ɗebewa mai aro

Ki ba ta 52 − 27 ki ga abin da za ta rubuta. In ta rubuta 35, ba sakaci ta yi ba, doka take bi: ta ga 2 da 7, ta cire ƙarami daga babba ta samu 5, ta cire 2 daga 5 ta samu 3. A wurinta 52 lambobi biyu ne da suke maƙwabtaka, 5 da 2. Ba ta ganin goma biyar ɗin da ke cikin 5. Maimaita mata "ki aro ɗaya" sau ɗari ba zai gyara wannan ba.

Ki ajiye ɗebewar tukuna, ku yi tseren hamsin. Kowa ya raba takarda gida biyu, dama na ɗaiɗai, hagu na gomomi. Ki jefa ɗan lido biyu, ki ɗauki tsinke daidai abin da ya fito, ki sa a gidan dama. Doka ɗaya ce: gidan dama ba ya riƙe fiye da 9. Da sun kai 10 sai a ɗaure su da roba a mayar da damin gidan hagu. Bayan kowace jifa mai wasa ya faɗi abin da yake da shi, "dami biyu da tsinke shida, ashirin da shida", ya rubuta 26. Da yake ɗan lido biyu sukan ba da kimanin 7 a jifa, zagaye bakwai ko takwas ya isa a kai hamsin. Ita za ta ɗaure kowane dami da hannunta, ta ƙirga goman. Kada ki ɗaure mata, don damin da ba ita ta ƙirga ba a wurinta "ɗaya" ne.

Bayan kwana biyu ko uku sai a juya wasan. Kowa ya fara da dami 5, ana jifa ana cirewa, wanda ya riga kai sifiri ya ci. Tun a jifar farko za ta ci karo da matsalar: an ce ta cire 6, gidan dama ba kowa. Ki yi shiru. Ki bar ta ta juya damin a hannu, har ta zare robar da kanta. Abin da makaranta ke kira aro ke nan, ta gano shi ba wanda ya faɗa mata.

Yanzu a koma ga 52 − 27. Ta ajiye dami 5 da tsinke 2. Iyaye da yawa a nan sukan ajiye 27 ɗin ma a ƙasa, sai yaro ya rikice. 27 ba wasu kaya ba ne daban, abin da za a cire ne daga cikin 52. Ki ce ta ba ki tsinke 7. Biyu gare ta, sai ta kwance dami ɗaya. Kafin ta cire komai ki tsayar da ita: "yanzu dami nawa, tsinke nawa?" Dami 4, tsinke 12. "Har yanzu hamsin da biyu ne, ko ya canza?" In ta yi shakka, ta ƙirga. A daidai wannan lokaci ta ɗauki fensir ta soke 5 ta rubuta 4, ta sa ƙaramin 1 a gefen 2. Sai ta cire 7 daga 12, saura 5, ta rubuta. Ta cire dami 2 daga 4, saura 2, ta rubuta. Amsa 25. Kowane motsi na hannu yana da motsinsa na fensir, ɗaya bayan ɗaya. Ni kam na fi son a ce "kwance dami" a kan "aro", don ba a ari komai daga kowa ba, kuma ba abin da za a biya. Amma tunda aro za ta ji a aji, ki gaya mata sunan abu ɗaya ne.

Sifiri a tsakiya shi ne ke kayar da yara ko bayan sun iya wannan. Ku ɗaure dami 10 wuri guda su zama babban dami na ɗari, ki ƙara gida na uku a hagu, ki ba ta 103 − 58. Tana son tsinke 8, uku gare ta, gidan gomomi kuma wayam. Dole ta kwance ɗarin ya zama dami 10, ta sake kwance ɗaya daga ciki: dami 9, tsinke 13. Cire 8 saura 5, cire dami 5 saura 4, amsa 45. Daga ranar za ta san dalilin da sifiri yake komawa 9.

Rabi, sulusi da kwata

Ki yanko takarda dogaye guda 6, kowace tsawon santimita 24 daidai, faɗin santimita 3. An zaɓi 24 ne don tana rabuwa ba saura: rabi 12, sulusi 8, kwata 6, kashi ɗaya cikin shida 4, kashi ɗaya cikin takwas 3. A bar ɗaya cikakkiya a rubuta 1. Rabi da kwata da na takwas ta same su ta hanyar ninke takardar. Sulusi da na shida a auna da rula, don ninke takarda uku daidai yana da wuya, kuma in ɓangarorin ba su yi daidai ba darasin ya lalace. Ta rubuta sunan kowane yanki a jikinsa, ta jera su layi-layi ƙarƙashin cikakkiyar.

Kurakurai biyu za ki farauta. Na farko, cewa 1/8 ya fi 1/4 tunda 8 ta fi 4. Ta ɗora ɗaya kan ɗaya, gani ya kori ji. Sannan ki sa ta faɗi dalili da bakinta, cewa in masu rabo sun yi yawa kason kowa raguwa yake. Na biyu, 1/2 + 1/4 = 2/6, wato ta tara sama ta tara ƙasa. Ki ce ta jera rabi da kwata baki da baki, tsawonsu 18. Ta jera yanki biyu na shida a ƙasa, tsawonsu 8, bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Ta yaya za a ƙara wa abu, ya ragu? Sai ki tambaye ta kwata nawa ne za su rufe rabi. Biyu. To kwata biyu da kwata ɗaya, kwata uku. Ki kiyaye abu ɗaya: duk yankunan su fito daga tsawo iri ɗaya. Rabin ƙaramar takarda zai iya gaza kwatan babba, kuma in aka cakuɗa su, abin da ake ginawa ya rushe.

Jadawalin sau da ta haddace kuwa, ki ba shi jiki. Ta jera murfi layi 3, kowane layi 4, sannan ta juya kwalin da suke kai: ya zama layi 4 na uku-uku, ba a ƙara ba a rage ba. Wannan juyi kaɗai ya rage jadawalin 1 zuwa 10 daga guda 100 zuwa 55, in kuma aka cire na 1, 2, 5 da 10 masu sauƙi, 21 ne suka rage. In ta manta 7 × 8, ta zana layi 7 na ɗigo takwas-takwas, ta ja layi bayan na biyar: 40 da 16, 56.

Abin da za su yi tare

Ki rubuta wa babbar 8 + 4 = __ + 5. Yara da yawa sukan sa 12, wasu 17, don sun ɗauka alamar daidai tana nufin "ga amsa nan tafe". Ki rataya hangar kaya a ƙusa, ki ɗaura kofi a kowane gefe da zare mai tsawo ɗaya, ya zama sikeli. Murfi ba shi da nauyin da zai rinjayar da shi sosai, ki nemi noti ko ƙusoshi iri ɗaya. Takwas da huɗu a hagu, biyar a dama, ƙaramin ya riƙa jefawa ɗaya-ɗaya har hangar ta daidaita, yayarsa tana ƙirgawa. Bakwai.

Wani lokaci kuma a yi abin da zai ba su mamaki kawai. Ki ɗauki farar takarda irin ta A4 guda biyu, ki naɗe ɗaya ta tsawo ta zama doguwar gwangwani siririya, ɗayar ta faɗi ta zama gajera mai kauri, ki manne bakin kowace ba tare da ya hau juna ba. Wace ce za ta fi cin yashi? Kowa ya faɗi nasa kafin a gwada. Yawanci za a ce daidai suke, ko doguwar. Ki tsayar da doguwar a cikin gajerar a kan faranti, ki cika doguwar da busasshen yashi, ki zare ta sama. Yashin zai tsaya bai cika gajerar ba, domin doguwar kimanin lita 1 take ci, gajerar kuwa kusan lita ɗaya da rabi.

Akwai kuma wasan tsakuwa 21. Mutum biyu, kowa yana ɗaukar 1, 2 ko 3 a layinsa, wanda ya ɗauki ta ƙarshe ya ci. Sirrin shi ne ka bar wa abokin wasa 20, 16, 12, 8, 4. Na faɗa miki ne don ke, kada ki faɗa musu. In sun daɗe ba su gano ba, ki rage tsakuwar zuwa 5, sannan 9, ki ga yadda idon babbar zai buɗe.

Yadda za ki tafiyar da zaman, da iyakar wannan hanya

Minti 10 zuwa 15 ya isa, sau huɗu ko biyar a mako, kowane yaro da nasa lokacin. Duk sabon kaya, ki bar su su yi wasan ransu da shi na ɗan lokaci kafin aiki, in ba haka ba za su yi shi a tsakiyar aikin. In kin yi tambaya, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana. Yawancinmu muna ƙwace amsa daga bakin yaro yana cikin tunani. In ya yi kuskure, ki ce "nuna mini da tsinke", kuma ki riƙa faɗin haka ko da amsar daidai ce, don kada ya koyi cewa wannan magana tana nufin ya faɗi. Kada a sa agogo, kada a haɗa su tsere da juna a kan sauri, musamman ita da ta riga ta tsorata. A tashi tun suna cewa a ƙara.

Game da ke kuma, rashin ƙwarewarki ba zai hana komai ba, don duk abin da na lissafa ana tabbatar da shi da ƙirga. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki ce "ni ma ban iya ba" a gabanta; 'ya mace tana saurin ɗaukar wannan a matsayin gado. In wani abu ya shige miki duhu, ki ce "zo mu gwada mu gani". In ta ce ba ta da kan lissafi, kada ki tsaya musu da ita, ki nuna mata shafin da ta yi da kanta jiya.

Kayan nan kuma ba na dindindin ba ne. Yaron da har ya kai aji biyar ba ya iya 8 + 5 sai da murfi, an bar shi a tashar farko. Janyewar mataki-mataki ce: yau hannu yana taɓawa, gobe kayan suna gabansa amma ido kawai, jibi a rufe su da ƙyalle ya faɗi abin da zai yi da su, daga nan zane kaɗai, daga nan alƙaluma. In ya tuntuɓe, a koma baya taki ɗaya. Sannan fahimta ba ta maye gurbin maimaici. Bayan ta gane kwance dami, tana bukatar tambaya huɗu ko biyar a rana na wasu makonni kafin hannunta ya faɗa.

Daga wasiƙa ba zan iya yanke hukunci a kan yaran da ban zauna da su ba. In kin yi wata biyu zuwa uku kina wannan a kai a kai, amma yaro bai iya ganin ɗigo uku ko huɗu ya faɗi yawansu ba sai ya ƙirga, ko ya kasa cewa tsakanin 6 da 9 wace ta fi, ko abin da ya iya jiya ya goge yau kamar ba a taɓa yi ba, to a fara da gwajin ido da kunne. In waɗannan lafiya, akwai wata matsala ta koyon lambobi da ake kira diskalkuliya, wadda ba ta da alaƙa da rashin basira, kuma masanin koyon yara ne ke tantance ta. Ki je wurin malaminsu da littafin da kuke aiki a gida, ki nuna masa ainihin kurakuran da ranakun da aka yi su, ki kuma tambaye shi yadda yake tsara ɗebewa a allo, don rubutunku na gida ya zama iri ɗaya da na aji.